Agogon Zabairu

Rumfata tana bakin Kasuwar Dole,
tsakanin mai kilishi da mai ɗinkin takalma.
Shekara talatin da ɗaya ina buɗe cikin agogo,
ban taɓa ganin biyu sun yi baki ɗaya ba.

Ran Lahadi aka kara, Zango da Garin Malam,
ɗaya da ɗaya, rana ta sunkuya bayan duwatsun Birni.
Masu salula suka ɗaga hannu: lokaci ya cika!
Zabairu bai busa ba.
Minti uku, bai busa ba.
Minti shida, usur na lilo a ƙirjinsa kamar laya,
sai ɗan Sallau, bahagon nan, ya girgiza raga.
Sannan ya busa.
Da ƙyar ɗan kabu-kabu ya fid da shi ta lungun majema,
jifa na bin su kamar bashi.

Daren nan shayi ya yi ɗaci a rabin gari.
A fadarmu Mutari ya buga cinya:
a raba shi da agogo!
Mutum guda, ido biyu,
ya bi ƙwallo, ya bi ƙafa arba'in da huɗu,
ya gane mai ciwo da mai birgimar ƙarya,
sannan ya ƙirga mana lokaci?
Ko jaki akan rage masa mangala.
A kafa babba a bango, kowa ya gani,
ƙwallo ta fita ya tsaya, ta shigo ya tashi.

Kanta ya kurɓa, ya ce: wa zai danna?
Mai dannawar ɗan wace unguwa ne?
Ba shi da ƙane, ba shi da suruki?
In aka ɗauke wuta fa,
a fili za mu kwana muna jiran tashi?
Aka yi dariya, aka ƙara gawayi,
har buta ta uku magana ba ta nuna ba.

Litinin da hantsi sai ga shi, goshi a kumbure.
Ya ajiye shi a farantina, ya ƙi zama.
Na maƙala gilashi a ido, na ɓalle murfi.
Batir ya mutu.
Allura ta kafe a shida saura biyar.

Na ɗago kai.
Ya ce: Baba Kalla, rufa mini asiri.
Na duba hannu na ga ta tsaya cik,
girman kai ya hana ni tambayar yaro.
Sai na koma ga inuwar turken gola,
na ce in ta taɓa gindin dogon yaro in busa,
haka kakana ke sanin La'asar a gona.
Gajimare ya zo ya shanye inuwar.
Na yi ta gudu tsakaninsu
ina jiran zuciya ta ce ya isa,
ita kuwa sai bugawa take, ba ta ƙirga.

Dala ɗari na karɓa, kuɗin batir.
Ban gaya wa Mutari yana da gaskiya ba,
ban gaya wa Kanta shi ma yana da ita ba.
Na dai ciro wani tsoho daga gwangwani,
mai wani, wanda ba ya cin batir,
na ɗaura masa a ɗaya hannun, bashi.

Ya ce: in sun saɓa, wanne zan bi?

Na waiwaya bango, inda goma sha tara ke gardama.
Na saita masa duka biyun da na tsakiya,
wanda na saita da rediyo da asuba,
rediyon da ban san da wa ya saita nasa ba.

Lahadi mai zuwa Karkada ke da wasa.
An ce shi za a sake ba usur.